Kafin ka sayi madabod, leƙa bayan tebur

Kwamfutar gidan Yayata ba mutuwa ta yi ba, tsufa ne ya cim mata. Ka danna maɓalli, ka tafi ka yi wata hidima ka dawo, ka tarar ba ta gama wartsakewa ba. Haka suke lallaɓa ta shekara da shekaru, har ranar 14 ga Oktoban 2025 da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ta Intel da ba ta kai zubi na 8 ba, tasu kuma zubi na 3 ce. Sai ga kiran Yaya.

"Kai da hannunka ba ya zama wuri ɗaya, zo ka haɗa mana wata. Amma ka ji da kyau, ba ni da kuɗin wasa."

Na ce to, Yaya. Na tambaye ta me ake yi da kwamfutar. Ta lissafa: lissafinta na Excel, aikin makarantar yara, buga takardu, kiran bidiyo, sai YouTube da ba ya ƙarewa. Ba mai tace fim a gidan, ba mai wasannin nan masu cin wuta. Ko awa ɗaya ba a yi ba babban ɗanta ya fara turo mini hotuna. Wani madabod, wato babban allon da ake ɗora duk sassan kwamfuta a kansa, baƙi wuluk, an lulluɓe shi da ƙarfe kamar motar yaƙi, fitilu na bin gefensa launi-launi. "Kawu, wannan za ka saya ko?"

Ban yi masa dariya ba, don ni ma na taɓa zama shi. Na daɗe ina ɗauka cewa madabod mai tsada yana ƙara wa kwamfuta gudu, alhali ba ya ƙara mata ko taku ɗaya. Ka ɗauki furosesa guda matsakaiciya, RAM guda (rumbun wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinsa), SSD guda (ma'ajiyar fayiloli marar juyawa), ka ɗora su a kan bod mai arha, ka sauke ka mayar kan wanda ya ninka shi kuɗi sau uku, Excel ɗin Yaya ba zai san an yi sauyi ba. Aikin bod shi ne ya haɗa sassa su ji maganar juna, ya raba musu wuta daidai da buƙatarsu, ya ba ka kafofin da za ka soka kayanka. Ƙarin kuɗin da ake biya yana sayen ƙarin kafofi ne, da ƙarfin ciyar da manyan furosesoshi, da damar tura furosesa ta wuce gudun da aka yanka mata, sai kuma ado. A cikin huɗun nan ɗaya ce kawai ta shafi gidan Yaya, wato kafofi.

Don haka ban fara da intanet ba. Na je gidan, na kunna fitilar waya, na durƙusa na shiga ƙarƙashin tebur, yaron na riƙe da takarda da biro. Ƙura kam ba a magana. Na riƙa bin waya ɗaya bayan ɗaya ina faɗa yana rubutawa. Kibod, USB. Linzami, USB. Firinta, USB. Kyamarar kiran bidiyo, USB. Wani ɗan mitsitsin abu kamar ƙwayar wake da ke kamo Wi-Fi, shi ma USB, domin rautar tana wani ɗaki kuma ba wanda ya taɓa jawo waya. Biyar ke nan kafin a soka filash ko a ɗora waya caji. Sifika tana koren rami. Sai na kai kan wayar monita, na ga shuɗin kai mai fil 15 da 'yan kusoshi biyu da ake murɗawa da yatsa. VGA ce, fasahar da IBM ya fito da ita tun 1987. Na juya monitar ko tana da HDMI, babu.

"Yaya, za a sauya monita?"

"Me ta yi maka? Lafiyarta ƙalau."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Takardar nan mai rubutun yaro ita ce ta zaɓi bod ɗin, ni dai ɗan aike ne. Kafar VGA kaɗai ta kori fiye da rabin waɗanda nake kallo, domin yawancin masu tsadar sun daina sa ta. Akwai ɗan abin da ke juya HDMI ya koma VGA, yana kuma aiki, amma ba na son barin abu yana reto a bayan tebur a gidan da yara ke shara suna jan waya.

Sai dai kafa a jikin bod ba ita ke kawo hoto ba, kuma wannan darasi da kuɗina na saye shi. Kwamfutar farko da na haɗa wa kaina, na ga furosesa biyu lambarsu ɗaya, ɗaya tana da harafin F a ƙarshe kuma ta ɗan fi sauƙi. Na ce ai banza ta faɗi. Na ɗaure komai tsaf, na soka HDMI a bayan bod, na kunna. Fanka na juyawa, ɗan haske ya kama, monita kuwa baƙi ƙirin. Na cire RAM na mayar ya fi sau biyar. Na sauya waya. Na ɗauko monitar wani. Har na fara rubuta wasiƙar mayar da bod ɗin, ina zarginsa da laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Can da tsakar dare na gano cewa F ɗin nan a wurin Intel na nufin furosesar ba ta da sashen zana hoto a cikinta. Kafar HDMI da ke jikin bod ƙofa ce kawai, idan ba kowa a ɗakin ba wanda zai fito. Dole na sayi katin hoto daban, wanda ya cinye ɗan rarar da na yi murna da ita har ya haɗa da wasu. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, amma gaskiya a nan ba laifin araha ba ne, rashin karatu ne.

Saboda haka furosesa ake fara tsayarwa, sannan a nemo mata bod. Ga kwamfutar gida, mai sashen hoto a ciki ake so. A ɓangaren Intel, Core i3-12100 ta isa ta yi yawa, muddin ba mai F ba ce. A ɓangaren kamfanin AMD na soket ɗin AM4 (soket shi ne mazaunin furosesa a jikin bod) abin juye yake: mai harafin G ce ke da hoto. Ryzen 5 5600G tana da shi, Ryzen 5 5600 da 5500 ba su da shi, ga sunayen kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Na tsaya a kan 5600G, mai ƙwaya 6, wadda ta shigo kasuwa a 2021, wutar da aka ƙiyasta mata wat 65, kuma da fankarta take zuwa a kwali.

Wani abokina da muke irin wannan hira ya ce na yi kuskure. AM4 tun 2016 yake, ya zo ƙarshen hanyarsa. Magajinsa AM5 ya fito a 2022, AMD kuma ya ce zai ci gaba da yi masa furosesa har 2027 ko fiye. Me zai sa in gina sabon ɗaki a kan tsohon tushe? Maganarsa gaskiya ce, ga wanda ke sauya furosesa duk bayan shekara biyu ko uku. Amma AM5 ba ya karɓar komai sai sabon nau'in RAM na DDR5, bod ɗinsa ma ya fi tsada, ita kuma Yaya ta riƙe kwamfuta ɗaya sama da shekara goma ba ta taɓa buɗe murfinta ba. Ranar da wannan za ta tsufa, AM5 ɗin ma ya zama labari. Ban ga dalilin biya mata kuɗin wata gobe da ba za ta shiga ba.

Wanda ya bi hanyar Intel ya kula da wani tarko. Soket ɗin LGA1700 yana ɗaukar zubi na 12 da na 13 da na 14, amma bod ɗinsa iri biyu ne, wani na DDR4 wani na DDR5, wani lokaci sunansu ɗaya in ban da 'yan haruffa a wutsiya. RAM ɗin biyu duk fil 288 gare su, tsawonsu ɗaya, sai dai tsagar da ke tsakiya ba wuri ɗaya take ba. Ba ya shiga, kuma wanda ya ce sai ya shiga da ƙarfi zai ji ƙarar da ba zai manta ba.

Daga nan sai cifset, wato ɗan guntun da ke kula da kafofi da hanyoyin bod, sunansa ne haruffa da lambobin nan da ke cikin sunan kowane bod. A gidan AM4, A520 ne ƙarami, B550 matsakaici, X570 babba, sai B450 da ya girme su, na 2018, wanda har yanzu ana samu. A gidan Intel, H610 ne ƙarami, B660 da B760 matsakaita, masu harafin Z kuma na masu tura furosesa ne. Masu X da Z ban ko kalle su ba. Abin da aka fi yi wa B550 kirari da shi a kan A520 shi ne PCIe 4.0, hanyar da bayanai ke bi tsakanin furosesa da SSD, wadda ta ninka ta 3.0 faɗi. To ga abin dariya: ita 5600G ba ta san 4.0 ba, iyakarta 3.0, ko a kan wane bod ka ɗora ta. Kuma ko da ta sani, SSD a kan 3.0 yana karanta kusan megabayit 3,500 a daƙiƙa. Tsohon faifan Yaya mai juyawa da ƙyar yake haura 100. Wanda ya sauko daga jaki ya hau mota ba ya tambayar ko akwai jirgi.

Duk da haka B550 na saya, kuma ba don lambar ba. A cikin waɗanda suka rage bayan VGA ta yi tankaɗe, shi ne ya haɗa gurbin RAM huɗu, gurbin M.2 biyu na sa SSD, da Wi-Fi a jikinsa, tazarar kuɗinsa da na A520 kuma ba ta kai ta sayen katin Wi-Fi daban ba. Da na samu A520 mai waɗannan, da shi zan ɗauka ban waiwaya ba. Kamfanonin da aka fi sani, ASUS da MSI da Gigabyte da ASRock, duk na Taiwan ne, kowanne yana da na ƙasa da na sama. Ban ga amfanin riƙe wa ɗaya amana ba. Samfuri ake dubawa, ba tambari ba.

Girma bai ɗauke ni minti biyu ba. ATX milimita 305 ne a 244, microATX 244 a 244, Mini-ITX 170 a 170. Mutum zai zaci ƙaramin ne mai arha, sai ka tarar shi ne mai tsada, don cusa komai a tafin hannu aiki ne. Arha tana wurin microATX, kuma yana zama daram a akwatin ATX.

Gurbin RAM kuwa na ɗan daɗe a kansa. Masu arha sosai, musamman na H610, galibi biyu gare su. Biyu ba aibi ba ne, sai dai ka san abin da ka shiga. RAM ya fi gudu idan sanda biyu ne suna aiki kafaɗa da kafaɗa, kuma ga furosesa irin 5600G wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sashen hotonta ba shi da rumbun kansa, daga RAM ɗin yake ɗiba. Ke nan tun ranar farko za ka cike gurabun biyu da giga 8 sau biyu. Ranar da giga 16 ya yi kaɗan, sai dai ka cire su ka ajiye ka sayi manya. Mai gurbi huɗu kuwa ƙari kawai za ka yi. A cikin duk abin da ake cewa ka saya don gaba, wannan ne kaɗai na ga mutanen gida suna komawa kansa da gaske. Kuma idan gurbi huɗu ne sanda biyu, ba kusa da juna ake jera su ba. A yawancin bod na biyu da na huɗu ake sawa in ka ƙirgo daga furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2.

Akwai wani ɗan littafi da ke zuwa a kwali wanda kowa ke jefarwa. Ni tun kafin in biya nake sauko da shi daga shafin kamfanin in karanta shafi biyu ko uku. A nan ne ake ɓoye ƙananan maganganu, irin su idan ka sa SSD a gurbin M.2 na biyu, wasu kafofin SATA, waɗanda ake jona faifai a kansu, za su daina aiki, domin hanya ɗaya suke rabawa. Ba kowane bod ba ne, amma ya isa a duba, tunda ina da niyyar maƙala tsohon faifan Yaya a ciki saboda hotunan shekaru da ke kansa. A shafin kamfanin kuma akwai jerin furosesoshin da bod ya yarda da su. Shiga soket ba shi ne yarda ba. Ryzen 3 3200G tana zama a AM4 lafiya lau, amma a hukumance B550 da A520 ba su san da ita ba.

Wurin da nake ganin arha kan iya cutarwa shi ne sashen wuta. Dubi kewayen soket, za ka ga wasu 'yan dunƙulallun abubuwa a jere kamar sansanin sojoji. Su ne ke karɓar volt 12 daga akwatin wuta su sauke shi zuwa volt ɗaya da 'yan kai da furosesa ke sha, kuma suna zafi a kan aikin. Ga furosesar wat 65 kusan kowane bod zai ɗauka. Amma na fi son in ga an ɗora musu ɗan ƙarfen da ke shanye zafi, ko da guda ɗaya ne. Kwamfutar gida a lungu ake tura ta, ƙura ta toshe mata hanci, a bar ta a kunne tun safe har dare. Kuma idan wata rana yaron ya girma ya ce zai sa furosesa mai ƙwaya 12, tsiraran nan ne za su fara kuka, gudu ya riƙa faɗuwa ba a san dalili ba. Yawan lambobin da ake bugawa a kwali game da wannan sashe ban damu da su ba, da ido nake dubawa.

Sauti, duk wanda ya zo da shi ya ishi sifikar Yaya. Kafar intanet mai gigabit 2.5, rautar gidan ma ba ta kai can ba. Fitilu, ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Na ɗan yi tunanin na hannu, na fasa. Wanda zai saya, in na Intel ne ko AM5, ya haska cikin soket da fitila ya karkata shi, domin a waɗannan filolin a jikin bod suke, sirara kamar gashi, 1,700 a LGA1700, ɗaya ya lanƙwashe ya isa ya hana gurbin RAM aiki. A AM4 filolin a jikin furosesa suke, soket ɗin ramuka ne kawai. Ya kuma tambayi farantin nan na baya da ke rufe kafofi, don shi ne abin da ke fara ɓata.

Abu na ƙarshe da na nace a kai shi ne wani ɗan maɓalli a baya, na sabunta BIOS, wato manhajar da ke jikin bod mai tayar da kwamfuta, ba tare da furosesa ba. Kowane kamfani da sunan da ya ba shi. Dalilina shi ne B550 ya fito a 2020, 5600G kuma a 2021, don haka bod da ya daɗe a ajiye zai iya zuwa da tsohon BIOS da bai san ta ba. In ba maɓallin, sai ka nemo aron tsohuwar furosesa kafin ya tashi, kaza da ƙwai ke nan. Ranar haɗawa na shimfiɗa bod ɗin a kan kwalinsa, tsirara, ba furosesa ba RAM. Na goge wani ƙaramin filash zuwa FAT32, na zuba fayil ɗin na sauya masa suna yadda littafin ya ce, na soka a kafar da aka zana wa layi. Na jona babbar wayar wuta mai fil 24 da ƙarama mai 8. Na danna. Wani ɗan jan haske ya fara ƙiftawa. Yaron ya miƙo hannu zai taɓa, na ce kul. Muka zuba wa hasken ido kamar masu jiran sakamakon asibiti, wajen minti biyar ba mai magana, sai ya ɗauke.

"Kawu, ya lalace?"

"Ya gama."

Sauran aikin bai ɗauki awa biyu ba. Na ƙirga 'yan ginshiƙan da bod ke zama a kansu a cikin akwati, na cire guda ɗaya da ba rami a samansa, don irinsa ne ke taɓa bayan bod ya haɗa wuta. Da hoto ya fito a tsohuwar monitar, na shiga BIOS na kunna XMP, domin RAM ɗin da aka rubuta wa 3200 ya tashi ne a 2133, kuma haka zai zauna har abada in ba a ce masa ya gudu ba. Na duba fTPM, wanda shi ne TPM 2.0, abin tsaron da Windows 11 ke nema, na tarar a kunne yake. Kuɗin da bod mai fitilu zai ci su suka sayi SSD mai terabayit ɗaya maimakon rabinsa. Yaya ta danna maɓalli, ta juya za ta fita kamar yadda ta saba, yaron ya ce Mama ai ta riga ta buɗe. Ta dawo ta tsaya tana kallonta, ba ta ce komai ba.

Ina tattara sukudireba ina jin kaina, sai ƙaramar 'yar Yaya ta zo da wayar caji ta soka a ɗan siririn ramin USB-C da ke goshin akwatin. Shiru. Ta cire ta juya ta mayar. Shiru. Nan na tuna da wayar nan guda ɗaya da ta rage tana lilo a ciki, wadda na naɗe na tura bayan faranti da niyyar zan dawo kanta. Akwatin yana da USB-C a gaba, bod ɗin kuwa ba shi da wurin jona ta, sai faffaɗan nan na USB 3.0 mai fil 19 wanda tuni kafofin gaba biyu suka mamaye. Na ƙirga duk abin da ke bayan tebur, na manta da gaban akwatin da ni da kaina na zaɓo.

Yaya ta sunkuyo ta duba. "Wannan ramin fa, na mene ne?"

"Akwai ɗan kati da ake sawa a ciki ya tashe shi, Yaya. Zan kawo."

"Da kuɗin wa?"

Na yanko ɗan baƙin salatif na manne ramin. Wata na uku ke nan yana nan, ba wanda ya sake tambaya.